Idan Allo Ya Shigo, Kada Gani Ya Kori Ji

A watan Nuwamba na shekarar 2014 ne kamfanin Amazon na ƙasar Amurka ya fito da wata na'ura mai suna Echo, wadda a siffa ba ta wuce dogon gwangwani ba, sai dai an cusa mata lasifika da makirufo guda bakwai. Babu allo a jikinta, babu abin karantawa. Mutum zai kira sunan Alexa, ya faɗi buƙatarsa, murya ta amsa masa. Kafin nan, tun a 2011, kamfanin Apple ya riga ya saka Siri a cikin wayarsa, amma Echo ce ta fara gamsar da jama'a cewa ana iya hulɗa da kwamfuta da baki da kunne kaɗai. Ba a cika shekara uku ba, sai ga kamfanin ya fito da Echo Show a 2017, ɗauke da allo mai inci 7, a shekarar 2018 kuma Google ya bi sahu da tasa na'urar mai allo, wadda daga baya aka raɗa wa suna Nest Hub. Wato dai na'urar da aka tallata da cewa ta hutar da ido, ta dawo tana neman a kalle ta.

Ni a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, ban ɗauki wannan a matsayin komawa baya ba, domin na san magana tana da iyakarta. Abin da nake so mai karatu ya yi nazari tare da ni a yau shi ne matsayin da ya kamata masu gina waɗannan manhajoji su ba allon. Ra'ayina a taƙaice shi ne, allo ɗan rakiya ne, murya ce mai gida, kuma duk ranar da aka juya wannan tsari, to, an rufe ƙofa a fuskar mutanen da muryar ta buɗe wa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka nemi allon tun farko. A littafin da aka buga da sunan Ferdinand de Saussure a 1916, an yi bayanin cewa magana a jere take tafiya, sauti bayan sauti, kamar ruwa a cikin kwararo, ba a iya furta kalma biyu a lokaci guda. Charles Hockett kuma a 1960 ya lissafa saurin ɓacewa a cikin siffofin harshen ɗan Adam, wato da zarar an furta kalma ta bi iska. Ga kuma binciken George Miller na 1956 da ya nuna cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a take bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, masu bincike na baya ma suka ce bai kai haka ba. Saboda haka idan mutum ya tambayi na'ura jiragen da za su tashi gobe, ta shiga jero masa guda goma, kowanne da lokacinsa da kuɗinsa, kafin ta kai na biyar ya manta na farko. Ido kuwa yana iya shawagi a kan jeri, ya koma baya, ya kwatanta, ya tsaya inda ya ga dama. Taswira, jadawali, hoton kaya da jerin kayan girki duk abubuwa ne da kunne ke wahala da su.

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi kalmomin nuni. Babu harshen da ba shi da irin su "wannan" da "wancan", "nan" da "can", kuma waɗannan kalmomi ba su da amfani sai mai magana da mai sauraro suna kallon abu guda. Mai sayayya a kasuwa ba ya siffanta atamfa da dogon bayani, nuna ta yake yi ya ce a miƙo masa waccan. Tun a 1980 Richard Bolt na cibiyar MIT ya gwada wani tsari da mutum zai nuna abu a babban allo da hannu, ya ce a ɗauke shi a ajiye can, kwamfuta ta aiwatar. Allo ne ke mayar wa hira da na'ura wannan dama, ta yadda mutum zai ce "na biyun" ko "jan nan" a gane shi.

To, yaya ake gina wannan fuska? A 2015 Amazon ya buɗe wa masu ƙirƙirar manhaja na waje hanya su riƙa rubuta ƙananan manhajoji da za su ƙara wa Alexa gwaninta, kamar koyar da girki, kacici-kacici ko karanta labarai. Da allo ya zo, an fara ba su wasu 'yan shiryayyun zubi da za su cika da rubutu da hoto, sannan a 2018 aka gabatar da wani harshen tsara allo mai suna APL. A wannan tsari, mai gini yana rubuta takarda guda da ke fayyace inda rubutu zai zauna, inda hoto zai zauna da wurin da za a taɓa, sannan ya ware bayanan da za a zuba a ciki daban. Dole ne kuma zubin ya dace da alluna mabambanta, tun daga ɗan zagayayyen allon Echo Spot na 2017 mai inci biyu da rabi, har zuwa Echo Show mai inci 21 da ya fito a 2024, da akwatin talabijin. Akwai umarnin da ke sa layin da ake karantawa ya yi haske daidai lokacin da murya ke furta shi. Mafi muhimmanci, duk saƙon da ya iso wa manhaja yana ɗauke da bayanin ko na'urar da aka yi magana da ita tana da allo ko ba ta da shi, don haka mai gini ba shi da hujjar cewa bai sani ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Mai gina manhaja mutum ne mai ido, mai ilimin karatu, wanda ke zaune taku ɗaya daga allonsa yana gwaji. Sannu a hankali, ba tare da mugun nufi ba, sai ya fara kwashe bayani daga baki yana zubawa a allo, domin ya fi masa sauƙi kuma ya fi kyan gani a wurin nuni. Daga ƙarshe sai ka tambayi na'ura abu, ta amsa da cewa ga sakamakon nan a allo, ta ja bakinta ta yi shiru. Wa aka bari a baya? Makaho da mai raunin gani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 masu matsalar gani sun kai aƙalla biliyan 2.2. Sai wanda bai iya karatu ba, alhali alƙaluman UNESCO sun nuna manya sama da miliyan 700 ne a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kusan kashi biyu cikin uku mata. Sai mai girkin da hannunta ke cikin ƙullu, da tsohon da tabaransa ke wani ɗaki. Waɗannan su ne mutanen da fasahar murya ta fi yi wa rana, kuma su ne na farko da ake zubarwa idan aka je neman gira aka rasa ido.

Adalci ne in faɗi cewa allon ma ya buɗe wa wasu ƙofa. Kurma yana iya karanta amsar Alexa a rubuce, wanda ke da lalurar furuci kuma tun 2018 yana iya taɓa allo ya ba da umarni ba tare da ya yi magana ba. A 2019 an ƙara wata dabara da makaho zai ɗaga gwangwani ko kwali a gaban kyamarar na'urar ta faɗa masa ko mene ne. Darasin da ke cikin wannan shi ne kowace hanya, ta ji da ta gani, tana da mutanen da ita kaɗai suka dogara da ita, don haka duk wani bayani mai muhimmanci dole ya samu ta hanyoyin biyu.

Daga nan nake ganin akwai ƙa'idoji da ya kamata mai gini ya riƙe, kuma ba sababbi ba ne ga masu nazarin harshe. Paul Grice ya bayyana a 1975 cewa hira tana tafiya ne bisa haɗin kai: a faɗi gwargwadon buƙata, a faɗi gaskiya, a faɗi abin da ya shafi zancen, a faɗe shi a fayyace. Gwargwadon buƙata na nufin murya ta ba da amsa cikakkiya a gajarce, allo ya ɗauki ƙarin bayani, ba wai muryar ta karanta duk abin da ke rubuce kamar ɗalibin da ke karanta allon malami ba. Fayyacewa na nufin duk kalmar da aka rubuta a kan madanni ta zama kalmar da na'urar za ta gane idan an furta ta, domin mutane abin da suka gani suke maimaitawa. Haka kuma rubutun ya zama manya, tun da daga nesa ake hango irin wannan allo, ba a tafin hannu yake ba. Sannan duk abin da ya shafi kuɗi, ko amincewa da wani sharaɗi, ko adadin magani, wajibi ne a furta shi da baki kafin a zartar.

Batun gaskiya kuwa shi ya kawo mu ga kasuwa. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a 2024 cewa sashen na'urori na Amazon ya yi asarar sama da dala biliyan 25 tsakanin 2017 da 2021. Kamfanin da ke cikin irin wannan hali ba zai kalli allo a matsayin taimakon kunne kawai ba, zai gan shi a matsayin rumfa. Cusa talla a cikin magana abu ne mai wuya, domin mai sauraro yana jin kutsen nan take, amma allon da ke zaune a ɗakin girki dare da rana fili ne da ke jiran mai haya, kuma a 2025 an yi ta samun koke daga masu Echo Show kan yawan tallace-tallace. Abin da ya fi damuna shi ne yanayin da murya za ta ba da shawarar wani kaya, alhali alamar da ke nuna cewa biya aka yi tana can a gefen allo da ƙananan haruffa. Wanda bai gani ba ya ɗauki talla a matsayin nasiha. Idan ido zai ga cewa talla ne, kunne ma yana da haƙƙin a faɗa masa.

Masu gini su ma suna da abin lura, domin zanen aro ba ya rufe katara. A 2019 Google ya gabatar da Interactive Canvas don tsara allon manhajojin murya, mutane suka kashe lokaci da kuɗi suka koya, sai ga shi ranar 13 ga Yuni, 2023 kamfanin ya rufe dandalin da aka gina su a kai baki ɗaya. Amazon ma ya yi watsi da tsofaffin zubinsa a 2021, a watan Fabrairun 2025 kuma ya sanar da Alexa+ wadda aka ɗora a kan manyan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira, kamar yadda Google ya kama hanyar maye gurbin Assistant da Gemini. Kayan aiki suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru. Abin da ba ya tsufa shi ne sanin me ya kamata a faɗa, me ya kamata a nuna, kuma a wane lokaci. Sababbin na'urorin ma sun fi na da surutu, don haka buƙatar wannan sani ƙaruwa take yi.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da wannan, tun da Alexa ba ta jin Hausa? Ruwansa shi ne abin yana tafe, ta hanyar wayar da ke aljihunsa. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, a 2024 kuma ya sanar da ƙara ta cikin harsunan Afirka da ake iya bincike da su ta murya. Sa'ad da Alexa ta koyi Larabcin yankin Gulf a 2021, sai da aka juya tsarin allo ya riƙa tafiya daga dama zuwa hagu, wanda ke nuna kowane harshe yana zuwa da nasa sharuɗɗan. Namu sharuɗɗan kuwa sun ƙara ƙarfafa hujjata. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya da "kuka" ta "ku ne kuka zo" duk siffarsu ɗaya a takarda, baki ne ke rarrabe su. Allon da bai san haruffa masu lanƙwasa ba zai mayar da "ɓata" ta koma "bata", "ƙasa" ta koma "kasa". Madannin da zai ba da umarni sai ya zaɓa tsakanin "ka", "ki" da "ku", matsalar da Ingilishi bai san da ita ba. Ga kuma dubban mutanen da da ajami suke karatu. A harshe irin wannan, murya tana ɗauke da bayanin da rubutu ya zubar.

Don haka ina kira ga matasanmu masu rubuta manhaja, da abokan aikina a sassan nazarin harsuna da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu, da mu zauna tare tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne, ba ya cin ko sisi. Duk wanda ya gama gina manhajar murya mai allo, ya kifa allon, ya nemi wanda bai taɓa ganinta ba ya yi amfani da ita daga farko har ƙarshe. Idan ya kai ga biyan buƙatarsa, a buɗe allon a ga abin da ya ƙara masa. Idan kuwa ya maƙale a hanya, to, aikin bai kammala ba, komai kyan hotunan da ke ciki.