Wanda Bai Iya Faɗinta da Hausa Ba, Bai Gama Bitarta Ba

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, ɗaliban shari'a na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sukan duƙufa ga haddar ayoyin doka da Faransanci, dare da rana. Ƙoƙari ne abin yabo, amma hadda daban, fahimta daban. Ra'ayina shi ne, duk ayar da ɗalibi ya kasa bayyana wa manomin Badagishiri da Hausa, to bai gama bitarta ba.

Mu ɗauki jinginar gona, wadda kowa ya sani a Adar. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta noma har ranar da aka mayar masa da dukiyarsa. Ɗalibin da ya fassara wannan da “hypothèque” ya yi kuskure, domin a can mai fili ba ya rabuwa da filinsa. In ya ce “gage”, nan ma da sauran magana, domin a dokar OHADA kalmar ta shafi dukiyar da ake iya ɗagawa, gona kuwa ba ta tashi. Haka saki, wanda miji ke furtawa, ba ɗaya yake da rabuwar auren da alƙali ke yankewa ba. Ɗalibin da ya tsaya ya auna kalmomin harsunan biyu, shi ne zai ga iyakar kowace ma'ana, kuma sanin iyakar ma'ana shi ake nema a takardar jarrabawa.

Za a ce da Faransanci ake tambaya, da shi ake amsawa, don haka wannan ɓata lokaci ne. Gaskiya ne harshen jarrabawa bai sauya ba. Sai dai malami ba karatun aku yake nema ba. Yakan kawo rikici ƙirƙirarre, ya ce a warware: a tsamo abin da ya faru, a sa masa sunansa na shari'a, a nemo ayar da ta dace, sannan a yanke. Mataki na biyu aikin ma'ana ne tsantsa, kuma a nan hadda ke barin mai ita a tsakiyar hanya.

Bayan jarrabawa kuma akwai aiki. Dokar ƙasa ta yarda a yi hukunci da al'ada a sha'anin aure, gado da gonaki, kuma alƙali kan zauna da masana al'ada a irin waɗannan shari'o'i. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar filin da ta samo asali daga al'ada. Wanda aka tura kotun Illela ko Birnin Ƙonni zai saurari aro, haya, kyauta da gado daga bakin masu ƙara. In ya dogara ga tafinta kaɗai, kalma guda na iya raba marayu da gonar ubansu. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma matsayi a takarda ba ya haifar da kalmomin aiki.

A nan nauyi ya hau kanmu, mu ɗaliban kimiyyar harshe. Mu shiga rukunonin bitar ƴan'uwanmu na shari'a: su kawo aya, mu nemi a faɗe ta da Hausa, inda aka cije a rubuta, a tattauna, a kai wa malamai su tace. Su za su shiga jarrabawa da fahimta, mu kuma mu fito da tubalin ƙamus na kalmomin shari'a, wanda talakan da ke tsaye gaban alƙali ya fi kowa bukata.