A Bar wa Alƙali Ikon Cewa A'a

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma a cikin abokan aikina akwai masu wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Cewa suke yi shari'ar bashi lissafi ce kawai. An ci bashi, wa'adi ya cika, ba a biya ba, to kotu ta ayyana karayar arzikin mutum, magana ta ƙare. A ganinsu damar da doka ta bai wa alƙali ta ƙin yin haka ɓaraka ce da ya kamata a toshe. Ban yarda ba.

Mu duba Ingila. A can, tun watan Oktoba na 2015, sai bashi ya kai fam 5,000 kafin mai bin bashi ya nemi kotu ta ayyana karayar arzikin wanda yake bi. Amma dokar 1986 ba ta mayar da alƙali injin buga hatimi ba. Sashe na 271 ya ba shi damar korar ƙarar idan wanda ake bi ya yi tayin jingina ko sasanci, mai bin bashin ya ƙi ba da hujja ba. Sashe na 266 kuma ya ba shi ikon korarta ko dakatar da ita saboda wani dalili da ya gamsar da shi.

Dalilin wannan sassauci shi ne nauyin hukuncin. Dukiyar mutum za ta koma hannun wani amintacce da zai sayar ya raba wa masu bin bashi, gidansa ma yana iya shiga ciki. Za a buga sunansa a rajistar da kowa ke iya dubawa. Ba zai zama daraktan kamfani ba sai da izinin kotu. Wa zai yarda a yanke masa irin wannan ba a saurare shi ba?

Masu cewa alƙaluma ba sa ƙarya su tuna da Horizon, manhajar kamfanin Fujitsu da hukumar gidan waya ta Birtaniya ta yi amfani da ita. Ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko sisi ba. Lee Castleton, mai kula da wani reshe a Bridlington, an ce kusan fam 25,000 sun ɓace a hannunsa. Ya kare kansa ba lauya, ya sha kaye a 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, arzikinsa ya karye. Sai a 2019 Mai Shari'a Fraser ya tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai. Kotun farko ta yi kuskure ne don ta gaskata na'ura. To ta yaya ƙara wa na'urar iko zai zama magani?

Na san abin da za a ce: alƙali na iya son kai, mai bin bashi kuma yana da haƙƙi. Gaskiya ne. Shi ya sa kotunan Ingila ba sa korar ƙara don tausayi kawai. Idan bashin ya tabbata kuma babu hanyar biya, galibi hukuncin suke yankewa. Alƙalin da ya ƙi, dole ya faɗi dalilinsa, ana kuma iya ɗaukaka ƙara. Ni da nake kwana ina farautar kurakurai a manhajar da na rubuta da hannuna, na san wanda ya fi sauƙin tuhuma tsakanin su biyun.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ranar da sunanka ya fito a allo da lambar da ba ka gane ba, za ka so a ce akwai mutum a kan kujerar nan da zai tambaye ka yadda aka yi.