Tjideng: Zalunci Ba Ya Wanke Zalunci

A 1942 sojojin Japan suka ƙwace tsibirin Java daga hannun Turawan Holan. A Batavia, Jakarta ta yau, suka killace unguwar Tjideng, suka mai da ita sansani, suka cusa matan Turawa da yaransu fiye da 10,000 a ciki. Kullum a jera su cikin rana su rusuna wa soja, ciki ba komai sai ɗan kunun rogo. Wasu na cewa 'yan mulkin mallaka ne, abin da suka shuka suka girba. Ban yarda ba. Yaron da yunwa ta kashe a cinyar uwarsa, gonar wa ya ƙwace? A 1946 aka zartar wa kwamandan sansanin, Kenichi Sonei, hukuncin kisa. Zalunci zalunci ne, ko a kan wa ya faɗa.