Kafin a sa gida a kasuwa, a gyara ƙofofi da tagogi, kada a ɓoye aibinsu da fenti

Duk wanda ya taɓa bin dillali duba gidajen sayarwa a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san abin da ke fara tarbarsa: warin sabon fenti tun daga bakin ƙofa. Ƙyaure na sheƙi, ƙarafan tagogi sun yi baƙi ƙirin, komai tsaf. Sai an biya kuɗi an tare, ruwan farko ya sauka, sannan sabon mai gida ya gane abin da ya saya. Ruwa na bin gefen taga yana sauka kan katifa, ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa, katakon da ke riƙe da ita kuma gara ta riga ta cinye cikinsa.

Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata gidansa kafin ya sayar. Laifin shi ne a mayar da fenti mayafin aibi. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a cinikin gidaje, kuma ƙofofi da tagogi ne suka fi shan ta, domin su ne ido ke fara gani, su ne kuma suka fi sauƙin rufewa.

Yanayin Arewa ma yana taimaka wa mai son ɓoyewa. Katako na kumbura da damina, ya motse da hunturu. Ƙofar da ke cijewa a watan Agusta za ta buɗe salin-alin a watan Janairu. Tagar da ke yoyo ba ta nuna kanta da rani. Tunda hadari galibi daga gabas yake tasowa, tagogin wannan ɓangaren ne ruwa ya fi duka, amma wanda ya zo duba gida a watan Maris ba zai ga komai ba idan an bi sawun ruwan da fenti.

Gyaran gaskiya ba boyayyen abu ba ne, kowane kafinta da mai walda ya san shi. Ƙofar ƙarfe daga ƙasa take fara tsatsa, inda ruwa ke kwanciya. Maganinta a kankare tsatsar har ƙarfe ya fito, a yanke inda ya rube a yi masa walda, a shafa jan fentin da ke hana tsatsa, sannan a ɗora na ado. Wanda ya cusa fila a ramin ya bi da fenti bai gyara komai ba, ya dai ɗage matsalar zuwa kan wani.

Katako kuwa ƙwanƙwasa shi ake yi. Gara daga ciki take ci, ta bar fatar waje lafiya lau. Idan ya yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa, ko aka ga hanyar ƙasa tana hawa bango zuwa gare shi, sai a cire shi, a sa magani a wurin, a kafa sabo.

Tagogin alminiyam masu zamewa ba sa tsatsa, amma ƙurar hunturu na cika hanyar da suke bi, ƙananan tayoyinsu su cinye, robar da ke riƙe gilashi ta bushe da zafin rana, ramukan fitar ruwa su toshe. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne. Haka sauya ragar sauro da ta yage, da gilashin da ya tsage, da sakatar da ba ta shiga, da makullin da sai an yi kokawa da shi.

Akwai alamar da ta fi waɗannan nauyi. Idan tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ƙofar ƙarfe ta fara gugar ƙasa alhali da ba ta yi, mai yiwuwa linta ce ta gaza ko harsashin ginin ya motsa. Wannan aikin injiniyan gini ne. Shafe irin wannan tsaga da siminti a bi da fenti wasa ne da rayukan iyalin da za su kwana a ƙarƙashinta.

Haka batun ƙarafan kariya da ake yi wa tagogi walda saboda ɓarayi. A gidaje da yawa kowace taga a garƙame take, ƙofa ɗaya ce tak hanyar fita. Idan gobara ta tashi daga wajen ƙofar, abin da aka kafa don ya kare mutane shi zai hana su tsira. Mai sayarwa da ya sa aka mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗewa daga ciki ya ƙara wa gidansa darajar da fenti ba zai ba shi ba.

Wasu masu gidaje na cewa kuɗin gyara ba ya dawowa a ciniki, kuma matsi ne ya sa su sayarwa tun farko. Maganarsu na da gaskiya a cikinta. Wanda bashi ko jinya ko rabon gado ya tilasta wa sayar da gida ba lallai ne yana da abin biyan kafinta ba. Ba a kuma nemi kowa ya sauya dukkan ƙofofinsa da na ƙasar waje ba. Wanda ba zai iya gyarawa ba yana da hanya mai sauƙi: ya nuna aibin, ya rage kuɗi daidai da shi. Abin da ba shi da uzuri shi ne ya sami kuɗin fenti amma ya rasa bakin faɗar gaskiya.

Addini bai bar wannan a duhu ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin da wani ke sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Malaman Malikiyya kuma sun yi bayani kan aibin da aka gano a gida bayan ciniki: matsakaici ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa, babba kuwa yana ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Don haka ribar da aka ci ta hanyar ɓoyewa kan iya ƙarewa a gaban alƙali.

Dillalai na da babban kaso a nan. Su ne sukan ba mai gida shawarar a ɗan watsa fenti don farashi ya tashi, la'ada ta ƙaru. Ya kamata ƙungiyoyinsu su mayar da shi ƙa'ida cewa a rubuta duk aibin da aka sani a takardar ciniki, a gaban shaidu. Dillalin da aka san shi da faɗar gaskiya ba ya rasa masu nemansa.

Masu saye su ma su buɗe ido. Tun bayan Dokar Amfani da Filaye ta 1978 hankalin jama'a ya fi karkata ga takardar shaidar mallaka da amincewar gwamna, kuma hakan daidai ne. Sai dai takarda ba ta tare ruwa. Mai saye ya tafi da kafintansa da mai waldarsa, a buɗe kowace ƙofa da kowace taga a rufe, a ƙwanƙwasa katako, a duba ƙasan ƙyaure, a watsa bokitin ruwa a tagogin gabas. Bayan ciniki kuma ya sauya makullai, domin bai san hannu nawa tsofaffin suka shiga ba.

Gida shi ne ciniki mafi girma da yawancin mutane ke yi a rayuwarsu, wasu da kuɗin fansho, wasu da gadon marayu. Mai sayarwa ya tuna cewa gobe shi ma mai saye ne. Ya gyara abin da zai iya, ya faɗi abin da ya gagare shi, sannan ya kira mai fenti.