Fuskar 2016, injin 2010: abin da sauya fuskar mota ke ɓoyewa a Haɗejiya

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Haɗejiya ranar ɗaurin auren wani babba ko taron siyasa zai ga jerin Land Cruiser da Lexus masu faffaɗan baki da siraran fitilu, har ya ɗauka garin ya cika da sababbin motoci. Ba dukansu ne sababbi ba. Wasu sun haura shekara goma sha biyar a duniya, fuska kawai aka sauya musu, aikin da dillalai ke kira afgired.

Dabarar daga kamfanonin kansu ta samo asali. Ƙera sabon samfuri tun daga tushe na cin shekaru da maƙudan kuɗi, don haka idan mota ta kai tsakiyar zamaninta sai a taɓa bamba da fitilu da ragar gaba, a sake kai ta kasuwa. Matasanmu sun san wannan ko da ba su san sunansa ba. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005 ita ce End of Discussion. Da aka sauya mata fitilun baya a 2006 sai ta koma Discussion Continues, farashinta ya ɗaga, alhali gangar jikin da zubin injin duk na jiya ne, in ban da ɗan ƙarin ƙarfi da direba zai yi wuya ya ji a ƙafarsa.

Amma akwai lokacin da kamfani ke wuce fuska. Lexus LX 570 ta fito a 2007, aka gyara ta a 2012, aka sake gyara ta a 2015. A wannan gyara na ƙarshe an cire giya mai hawa shida an sa mai hawa takwas, an ƙara na'urorin da ke gargaɗin direba kafin karo. Nan ne bambancin yake. Mai gareji zai iya sayo bamba da bonet da fitilun da aka ƙera a Sin ya ɗaura wa ta 2010, ta fito tamkar ta 2016 a hoto. Giyarta dai shida ce, kuma shokozoba da burki da wayoyinta sun ci shekarun da suka ci. Da ka hau titi za ka ji shekarun a sitiyari.

Me ya sa sana'ar ta bunƙasa yanzu? Amsar tana cikin darajar naira. Kafin watan Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Da wannan farashi Hukumar Kwastan ke lissafa harajin mota, kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa irin na Maigatari. Wanda a da yake sauya mota duk bayan shekara uku, yanzu fuskarta yake sauyawa. A ganina babu laifi a nan. Mutum da motarsa da kuɗinsa, in ya so ya yi mata kwalliya, kamar yadda ake shafe tsohon gida da sabon fenti kafin biki.

Laifin yana farawa ne ranar sayarwa, idan aka karɓi kuɗin 2016 a kan motar 2010. Kuma mai saye a kwarin kogin Haɗejiya ya fi na Abuja shiga haɗari. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna yadda ruwa ke shanye hanyoyin Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, musamman idan kachala ta toshe magudanan kogi. Motar da ta taɓa nutsewa, a nan ko a Amurka kafin a yi gwanjonta, ba a fuska take nuna ciwonta ba. Yana cikin wayoyin da suka fara tsatsa a ƙarƙashin kafet, da ƙwaƙwalwar inji, da na'urar da ke fasa jakar iska lokacin haɗari. Sabuwar bamba na rufe duk wannan. Hasali ma, fitilun da ba na asali ba sukan buƙaci a yanka waya a yi haɗi, kuma kowane haɗi ƙofa ce ga damshi.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka na goma ne ke faɗin shekarar samfuri: 9 na nufin 2009, A 2010, D 2013, G kuwa 2016. Ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba, da jikin ginshiƙin ƙofa. Motocin da aka ƙera don ƙasashen Larabawa ko Japan ba lallai su bi wannan tsari ba, sai a duba tambarin shekarar da ke jikin bel ɗin kujera da gilasai.

Wannan batu ya wuce aljihun mutum ɗaya. A ƙarshen 2023 'yan Najeriya sun yi ta ce-ce-ku-ce kan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, amma muhawarar ta tsaya a kan farashi. Tambayar da ta fi kusa da mu ita ce: idan wata ƙaramar hukuma ko ma'aikata ta ce ta sayi sabuwar mota, wa ke duba lambar shasinta kafin a biya ɗan kwangila? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar neman irin waɗannan takardu. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, za a yi ta raba makullai a gaban kyamara. Wakilin da ya je ɗaukar hoton bikin, taku uku ne tsakaninsa da gilashin gaban motar.