Wa Ke Zana Zanen Da Muke Ɗaurawa?

Ya ku iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman izini in yi magana a kan wani fannin ilimi wanda ba a cika ambatonsa ba in ana hirar abin da za mu karanta a jami'a. In aka tambayi 'yan aji biyar ko na shida, wannan ta ce likita, waccan ta ce lauya, wata kuma ta ce aikin jinya ko malanta. Duk waɗannan ayyuka ne masu daraja, ba mai musun haka. Amma da wuya a ji wadda ta ce za ta karanci ilimin tsara zanen tufafi, watau ilimin ƙirƙiro adon da ke jikin atamfa da shadda da sauran yaduka. In ma wata ta kuskura ta faɗa, sai a yi mata dariya, a ce ashe tela za ta je jami'a ta zama. Ni kuwa a ganina wannan ilimi ya cancanci mu neme shi, ya kuma cancanci iyayenmu su sa mana albarka a kansa.

Da farko mu dubi akwatin lefe. In an kawo lefe a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, mata sukan taru a ɗaga kaya ɗai-ɗai, ana duba bakin kowane turmi don a san asalinsa. Atamfar da aka fi ji da ita, wadda muke kira Holan, kamfanin Vlisco ne ke yin ta a garin Helmon na ƙasar Holan, kamfanin da aka kafa tun 1846. Shaddar da ango ke taƙama da ita, wadda ake kira Gezna, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a ƙasar Ostiriya. Mafi yawan sauran atamfofi masu sauƙin kuɗi, waɗanda 'yan kasuwarmu ke sarowa daga Kantin Kwari a Kano, daga ƙasar Sin suke zuwa. To, kowane fure da kowane tsuntsu da ke jikin waɗannan kaya, wani mutum ne ya zauna ya zana shi, aka biya shi ladan aikinsa. Mu ne masu saye, mu ne masu ɗaurawa, mu ne muka san launin da ya dace da biki da wanda ya dace da zaman gida, amma kuɗin zanen yana tafiya wata ƙasa. Wannan shi ake kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu yi wa wannan ilimi dariya ba su bambanta aikin tela da na mai tsara zane ba. Tela yana karɓar yadi ne bayan an gama shi, ya yanka ya ɗinka, kuma sana'arsa abar girmamawa ce. Shi kuwa mai tsara zane aikinsa yana farawa tun babu yadin. Sai ya zana adon, sa'an nan ya auna shi yadda zai yi ta maimaituwa daga farkon turmi har ƙarshensa ba tare da an ga mahaɗi ba, wanda wannan lissafi ne tsantsa. Bayan haka sai ya rarrabe launuka, domin a wurin bugu kowane launi da nasa allon ko gangar da ke ɗora shi a kan yadi. Dole kuma ya san halin zare, gama rinin da auduga ke sha ba shi ne zaren roba ke sha ba, kuma ya san wane rini ne zai jure wanki da rana, wane ne zai zuba tun wankin fari. Ita shadda ma adonta ba bugawa ake yi ba, a cikin saƙar yake, watau yadda zaren tsaye da na kwance ke hawan juna shi ke fito da furen. Wani Bafaranshe mai suna Jakar ne ya fito da injin irin wannan saƙa wajen 1804, yana aiki da katuna masu huda, kuma daga baya masu ƙera kwamfuta na farko suka ari dabarar katunan. Ashe ke nan wanda ya ce wannan ilimi na malalata ne bai san shi ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata sun gurje auduga, wadda mu Zamfarawa muke kira kaɗa, sun shiɓe ta da baka, sun kaɗa zare da abawa da mazari. Masaƙa sun saƙa sawaye aka haɗa su suka zama gwado da luru da saƙi. Marina sun tsoma tufafi a karofi, sun san cewa zane yakan fito daga ruwan baba da ɗan kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi, abin da malaman kimiyya ke bayani a yau da cewa iskar da muke shaƙa ce ke juya sinadarin. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, tana nan har yanzu, kuma garin Kura ya yi suna da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. Lokacin da Bajamushen nan Bat, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Turabulus. Aska takwas da aska biyu da ke gaban babbar riga, ai ba Bature ne ya zana su ba. Saboda haka in ɗiyar Bahaushe ta ce za ta karanci zanen tufafi, gadon gida ta nema, sai dai ta ƙara masa ilimin zamani.

To, amma akwai wata magana mai nauyi da iyaye ke yi, wadda bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Sukan ce, in kin gama karatun, wace masaƙa ce za ta ɗauke ki aiki? Gaskiyarsu ne su tambaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957. Masaƙar UNTL da ta Arewa da wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa. Mu ma nan an yi Masaƙar Zamfara a Gusau, ga gidajen gurzar auduga, ga hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, tana kwasar auduga da gyaɗa. A shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura ɗari. Amma KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, ta Gusau ita ma ta durƙushe a cikin waɗannan shekaru. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da raguwar noman auduga, da fasa-ƙwaurin kaya masu araha ta kan iyakokinmu, su suka taru suka kashe su. Dubban magidanta suka rasa abin yi.

Duk da haka ina da amsa uku. Ta farko, masaƙu ne suka mutu, sa tufafi bai mutu ba. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200, kowa kuwa sai ya yi sutura, ga Salla ƙarama da babba, ga biki ga suna, ga anko. Kasuwar da ta isa ta riƙe masana'antu a Holan da Ostiriya da Sin ba za a ce ba ta isa ta ciyar da 'ya'yan gida ba.

Ta biyu, abin da ya faɗi yana iya tashi. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta daɗe tana sayar da audugarta ɗanya, amma a 'yan shekarun nan ta kafa unguwar masana'antu a Gulo-Jigbe, kusa da Kwatano, inda ake kaɗa zare, a saƙa yadi, a ɗinka riguna a kai ƙasashen waje. Ƙasar Bangaladash kuwa, wadda ba ta noma auduga mai yawa, tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen sayar da ɗinkakkun tufafi. Ranar da namu masaƙun suka farfaɗo, in ba mu da waɗanda suka san aikin, baƙi za a sake ɗaukowa su riƙe manyan kujeru, namu su tsaya a dako da gadi. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, wadda ta karanci wannan ilimi ba dole ne ta jira babbar masaƙa ba. Da tebur da allon bugu da rini mai kyau tana iya buɗe ƙaramin wurin aiki, tana buga zannuwan gado da labule da mayafai da bajon rigunan makaranta. Da kwamfuta kuma tana iya tsara zane a ɗakinta ta aika wa mai saye ta intanet. In aikin ya kankama za ta ɗauki yara biyar ko goma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu, inda rashin sana'a ke tura 'yan'uwanmu maza ramukan zinariya, alhali ba mu manta da gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba.

Ina ake samun wannan ilimi? Ba sai an ƙetare teku ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da zanen tufafi tare da aikin tangaran da zanen talla. Tana kuma da wani sashe dabam na injiniyan zare da saƙa, ga wadda ta fi son injuna da sinadarai. A Samaru kuma akwai cibiyar binciken aikin gona da ke fito da irin auduga. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ita ma ta daɗe tana koyar da aikin saƙa. Kafin a gama karatu akan tura ɗalibi wata masana'anta ya yi watanni yana koyon aiki da hannunsa, don kada ya fito da takarda kurum.

Amma fa shiri tun daga nan yake farawa, ya ku 'yan'uwana. Kada mu yi wasa da Lissafi da Turanci, domin ba a cika shiga jami'a sai da su cikin darussa biyar da aka ci da kyau, kuma mu riƙe Kimiyyar Sinadarai da muhimmanci, gama rini duk aikinta ne. Mu nemi littafin hukumar JAMB tun muna aji biyar, mu ga darussan da kowace jami'a ke bukata, kada sai ranar cika takarda mu fara tambaya. Kowace mai sha'awa ta tanadi littafi guda na zane, ta riƙa kwafe adon da ke kewaye da ita: sassaƙar ƙwarya, saƙar tabarma da faifai, ɗinkin hula, ƙunshin lalle, da dagin da ke jikin soraye. Waɗannan su ne jarinmu da mai zane na Holan ba shi da su. In an yi hutu kuma, maimakon yawon gidajen ƙawaye, mu zauna wurin tsofaffin da suka iya kaɗi da saƙa tun suna raye, mu kuma tambayi masu sayar da atamfa wane launi ne ke tafiya, wane ne ke kwantai, da dalilin haka. Mu koyi kwamfuta, mu koyi lissafin uwar kuɗi da riba, domin gwaninta ba ta hana sana'a karyewa in ba a iya ƙidaya ba.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku da girman Allah ku dubi wannan magana da idon rahama. Ba dukanmu ne za mu zama likitoci ba, gurbin karatun likita kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Sau da yawa yarinya takan shekara biyu ko uku tana sake jarrabawa a kan abin da ba shi ne baiwarta ba, har a gaji a ce ta haƙura da karatu, alhali hannunta na zane ne. Wannan kuwa ilimi ne da mace za ta iya riƙewa ko bayan aure, cikin mutuncinta, kamar yadda kakanninmu suka yi kayan ɗakin 'ya'yansu da kuɗin kaɗi.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomin ilimi da su samar da malaman zane a makarantun sakandare, domin makarantu da yawa ba su da ko ɗaya, kuma yaron da bai taɓa riƙe burushi ba ba zai san yana da baiwar ba. Gwamnati kuma ta riƙa sayen yadin gida in za a ɗinka kayan 'yan makaranta da na asibitoci da na ma'aikatan tsaro, don masaƙun da suka rage su sami kasuwa tabbatacciya. In an yi haka, ina sa ran wata rana za a ɗaga turmi a wurin lefe, a duba bakinsa, a ga an buga shi a Gusau, wadda ta zana shi kuma 'yar Gummi ce.

Daga wata ɗalibar aji biyar, 'yar garin Gummi.