Hutu a kan ruwa: daga tashar Jidda zuwa kogin Isa, abin da ke jiran matafiyin Nijar

Tun watan Disamban 2024 ne jirgin ruwan Aroya ya fara ɗaukar masu yawon buɗe ido daga tashar Jidda. Jirgin mallakin kamfanin Cruise Saudi ne, wanda ke ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, yana kuma iya ɗaukar fasinja sama da 3,000 ya zaga da su tekun Bahar Maliya har Sharm el-Sheikh a Masar da Aƙaba a Jordan. Ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, akwai wuraren salla. Wannan ya sa irin hutun da a da ake yi wa kallon na tsofaffin Turawa masu fansho ya matso kusa da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda dama Jidda ce mashigarsu duk lokacin Umra.

Sai dai matsowar ba ta kai yadda hotunan Facebook da TikTok ke nunawa ba. Cikas na farko takarda ce. Jirgin yawo yakan tsaya a ƙasa biyu ko uku cikin mako guda, kowace ƙasa da nata sharaɗin biza, kuma kamfanoni kan hana mutum shiga jirgi tun a tashar farko in takardunsa ba su cika ba, ko da ya ce ba zai sauka a wata tashar ba. Kuɗinsa kuwa ba lallai su dawo ba. Mai son jiragen Bahar Rum da ke tashi daga Marseille ko Barcelona ko Genoa sai ya samu bizar Schengen, abin da ya ƙara wuya tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023. Kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan wannan shekarar, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a farkon 2024. Hanyar ta koma ta Kasablanka ko Istanbul ko Addis Ababa, kuma ba abin mamaki ba ne tikitin jirgin sama ya fi kuɗin hutun tsada.

Farashin da ake tallatawa shi ma yana da kunne. Galibi na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, don haka mai tafiya shi kaɗai zai biya kusan ninki. Mafi arahar ɗakuna na can tsakiyar jirgi ne, ba taga, ba a sanin dare ya yi ko gari ya waye sai an duba agogo. Abinci na cikin kuɗin, amma a jirage da dama lemon kwalba da intanet da yawon da ake kai mutane in an sauka duk daban ake biya, ga kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum ba tare da an tambaye shi ba. Da yake yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, tallar da ta ce yuro 1,000 tana nufin jika kusan 656 kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Likitan jirgi ma ba kyauta yake duba mutum ba, shi ya sa inshorar lafiya ba abin wasa ba ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Wani abin da sabon shiga bai cika sani ba: jirgi ba ya jiran wanda ya sauka yawon kansa ya makara. Zai tashi, mutum ya nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Ga wanda bai taɓa hawa teku ba, kuma mafi yawan mutanen ƙasar da ba ta da gaɓar teku haka suke, ɗakin da ke ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi ya fi sauƙin jiri da tashin zuciya. Tafiyar kwana uku ta ishi gwaji. Alƙibla kuma tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, sai an riƙa tambaya.

Girman jiragen na yanzu ya wuce misali. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami a Amurka cikin Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Amma taro a rufaffen wuri yana da nasa haɗarin. A watan Fabrairun 2020 an killace Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, inda mutane fiye da 700 suka kamu da korona. A Janairun 2012 Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutane 32 suka mutu. Tun ƙarshen 2023 kuma hare-haren ƴan Huthi na Yaman a kudancin Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni soke tafiye-tafiyen da ke ratsa wannan hanya. Dokar kamfanonin ta ba su damar sauya tasha ko tsallake ta, fasinja ba shi da ta cewa.

Idan aka auna kuɗi da abin da ido zai gani, jiragen kogi sun fi dacewa da mai zuwa karon farko. A kogin Nilu, tsakanin Luxor da Aswan, tafiyar kwana uku zuwa huɗu ce, ruwa kwance, gaɓa ba ta ɓacewa daga gani, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo a ga gine-ginen Fir'aunoni. Biza ɗaya ta wadatar. Lokacinta daga Oktoba zuwa Afrilu ne, domin zafin bazarar Aswan ba ya gaza na Tawa. Mafi kusa kuma akwai Bou el Mogdad a Senegal, tsohon jirgin da aka ƙera a 1950, wanda ke kai mutane daga Saint-Louis zuwa Podor cikin kwanaki kusan shida a kan kogin Senegal.

Tambayar da ta fi damun mai kishin ƙasa ita ce me ya hana a ga irin wannan a gida. Kogin Isa ya ratsa Nijar na tsawon kilomita kusan 550, daga iyakar Mali zuwa Gaya. A da baƙi kan je Ayoru ranar Lahadi su ci kasuwa su kalli dorina, su je Bubon ranar Laraba, wasu su gangara har gandun dajin W. Matsalar tsaro a jihar Tillaberi ta kashe wannan kasuwa, kuma kisan Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure ranar 9 ga Agustan 2020 ya ƙarasa korar sauran baƙin. A Mali, jiragen kamfanin COMANAV da ke haɗa Kulikoro da Gao lokacin cikar ruwa sun gamu da abin da ya fi haka muni: ranar 7 ga Satumban 2023 aka kai wa jirgin Tombouctou hari a yankin Gurma-Rharus, fararen hula da dama suka hallaka. Ko da tsaro ya dawo, yashin da ke cike kogin da ƙafewar ruwa a watannin Mayu da Yuni ba za su bar babban jirgi ya yi aiki duk shekara ba.

Abin da ya rage shi ne kwale-kwale, kuma a nan ne rayuka suka fi shiga haɗari. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, jama'a da kayansu suka koma tsallakawa ta ruwa. A Satumban 2017 wani jirgin ƴan kasuwa da ya taso daga Gaya zuwa Lolo a jihar Kebbi ya kife, mutane fiye da 30 suka rasu. A Yunin 2023 sama da 100 suka mutu a Pategi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki da dare. Dalilan ba sa sauyawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar ceto. Lodin ne ya ci Le Joola na Senegal a 2002, jirgin da aka yi don mutum ɗari biyar da ɗoriya, ya nutse da rayuka 1,863.

Iyalin da suka zo Yamai hutu suna son hawa ruwa, lokacin da ya fi shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan da ya taso daga Gini ya iso, kogi ya cika ya kwanta. Jan ruwan Agusta da Satumba yana da ƙarfi da tarkace, ba na yawo da yara ba ne. A daidaita kuɗi da tsawon tafiya tun a gaɓa, a ƙirga rigunan ceto kafin a zauna, a dawo kafin magariba. In matuƙi ya ce zai matsa kusa da dorina don a ɗauki hoto, a ce masa a'a: mai ɗa a gefenta tana kifar da kwale-kwale.